Fitar Hansai Cikin Takaba

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu marasa lafiyar ko fuskarsu ba na iya tunawa, amma ranar da na tsaya a zauren Alhaji Mamuda ina jiran wata mai takaba ta fito, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta bar raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye farin kaya, ku da kuka shigo aikin jinya bana, to shi zan ba ku. Wasunku sun tsinci gutsi-gutsinsa a bakin mutane, har da ƙarin gishiri. An ce wai na zagi dattijo a cikin gidansa. Ban zage shi ba. Murya dai na ɗaga, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Lokacin ni ce babbar nas a sashen marasa lafiya masu zuwa su koma gida, a wani asibiti a nan Rano. Ga wanda ba ma'aikacinmu ba, sashen nan shi ne ƙofar asibiti. Kowa ta nan yake fara bi, mu auna shi, mu ji abin da ke damunsa, mu tura shi wurin likita, wanda ya fi ƙarfinmu kuma a tura shi Kano. Sama da ni akwai metiron, wato shugabar duk ma'aikatan jinya. Ita ke raba mana aiki, ita ke ba da hutu, ita ce kuma ke kai ƙarar mutum gaba in ta ga ya kauce hanya.

Wata safiya da bazara, wani manomi daga wani ƙauye a yankin Lausu, ana ce masa Malam Sule, ya kawo matarsa Hansai a bayan babur. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, sana'arta ƙuli-ƙuli, 'ya'yanta biyar. Ta nannaɗe hannunta na dama da mayafi, sai da na yi da gaske ta buɗe. Abin da na gani ban taɓa ganinsa ba sai a littafi. Daga dantse har bayan hannu fatar ta yi tauri tana sheƙi kamar ƙirgi, ka danna ba ta lotsawa, ka tsunkula ba ta tasowa. Gwiwar hannun ta fara ƙin miƙewa, yatsun kuma sun fara lanƙwashewa ciki.

"An ce mana kuturta ce, Sista," in ji Malam Sule, murya ƙasa-ƙasa. "Har an ware mata kwano."

Na ce ta rufe ido. Na ɗauki auduga na riƙa shafa mata a wurin, duk inda na taɓa sai ta nuna da ɗan yatsan hagu. Tabon kuturta ba ya jin taɓi, wannan kuwa yana ji. Na ce masa, "Malam, kafin ma likita ya yi magana, a mayar mata da kwanonta cikin na mutane tun yau." Likitanmu ya duba, ya yarda ba kuturta ba ce, ya tura su wurin likitar fata a wani babban asibiti a Kano.

Can aka gano ciwon. Sunansa na asibiti bakin mutanenmu ba ya ɗauka, mu dai muna ce masa taurin fata. Ba a cika samunsa ba, ba a kuma ɗauka daga jikin wani. Jiki ne da kansa yake ta tara zaren nama a ƙarƙashin fata fiye da ƙima, har wurin ya sandare. In ya ratsa kan gaɓa, yana iya ƙulle ta gaba ɗaya. Aka ba ta magungunan sha da na shafawa, aka koya mata motsa hannun, sannan aka sa ta a layin maganin haske. Na'ura ce mai dogayen fitilu, haskenta na musamman ne, yana ratsa fata ya shiga ciki ya riƙa sassauta taurin a hankali. Ana sa wa mutum baƙin tabarau don kare ido, a rufe sauran jiki, a bar inda ciwon yake, a kunna na ɗan lokaci a kashe. Ba zafi, ba allura. Wahalarsa ɗaya ce, ba a yinsa sau ɗaya a huta. Sai mutum ya yi ta zuwa sau uku a mako, watanni a jere, ba fashi.

Na ga mazaje iri-iri a aikin nan, har da mai ajiye matarsa a bakin ƙofa ya ce zai je ya dawo, sai bayan kwana biyu. Malam Sule ba ya cikinsu. Damina ta sauka, kowa yana gona, shi yana hanyar Bunkure zuwa Kano da matarsa. Mutanen ƙauyensu har tsiya suke masa, wai ya bar fartanya ya koma rakiyar fitila. In sun dawo da wuri sukan biyo ta wurina. Wata rana ya shigo yana washe baki, ya kama hannunta a gaban kowa, ya tsunkuli fatar.

"Sista, duba! Ta fara tasowa!"

Hansai ta buge masa hannu, ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya, mu kuwa muka yi ta dariya. Gaskiyarsa ne. Wurin ya ƙara duhu, haka hasken yake yi, amma ya yi laushi, gwiwar hannun ma ta fara buɗewa.

Da kaka sai na daina ganinsu. Na ɗauka aikin girbi ne ya hana su biyowa. Rannan ina tsakiyar aiki likitar fatar ta kira ni a waya.

"Sista Rabi, ina matar nan taku ta Lausu? Makonni ke nan ba mu gan ta ba. Ciwonta bai kwanta ba tukuna. In ya ƙulle gaɓar nan, wallahi hasken duniya ba zai buɗe ta ba."

Na yi cigiya wurin masu zuwa daga yankin, a ranar na ji. Malam Sule ya rasu. Zazzaɓi ne mai zafi ya kwantar da shi ana tsakiyar yankan dawa, bai tashi ba. Hansai ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma wan mijinta, Alhaji Mamuda, wanda shi ne babba a gidan, ya ce ko zaure ba za ta leƙa ba sai ta gama.

Na sami metiron a ofishinta na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta cire tabarau.

"Allah ya ji ƙansa. Ki sanar da Kano cewa ta daina zuwa da kanta, shi ke nan."

"Ba da kanta ta daina ba, Hajiya. Hana ta aka yi."

"Sista Rabi, a asibiti aka ɗauke mu aiki, ba a gidajen mutane ba. Takaba ce fa. Kuma kin san waye Alhaji Mamuda? Ba ofishin da ba ya shiga a ƙaramar hukumar nan. Ki rufa wa kanki asiri."

Na ce mata na ji. Na kuma ce ranar hutuna tawa ce, kuma zuwa ta'aziyya ba a neman izininsa a ofis. Ta ce bakina ne zai kai ni inda ba na so. Na ce ai ya saba.

Ran Asabar na je. Na tarar da Hansai a ƙuryar ɗakin mijinta a kan tabarma, cikin zani ɗaya da lulluɓi, ta rame sai idanu. A bakin ƙofa uwar mijin ce zaune, tsohuwar da kowa ke ce wa Iya, tana jan carbi. Na yi gaisuwa yadda ya kamata, na yi wa mamaci addu'a, kuma da zuciya ɗaya na yi, don mutuwar bawan Allahn nan ta taɓa ni. Bayan haka na ce Hansai ta nuna mini hannun.

Kun san a wasu gidajenmu tsofaffi kan ba mai takaba 'yar wuƙa ta riƙe duk inda ta motsa. To yatsun Hansai sun daina riƙe abu. Sai aka yagi tsumma aka ɗaure mata wuƙar tam a wuyan hannun dama, a daidai kan ciwon. Fatar ta bushe ta tsattsage, don an hana ta shafa man da likita ta ba ta, wai mai takaba ba ta shafa mai. Duk laushin da aka sha wuya aka samu ya fara komawa. Na kama gwiwar hannun zan miƙe ta, ta yi ƙara a hankali ta cije leɓe.

"Iya, me ya sa a wannan hannun aka ɗaura?" na tambaya.

"To da hagun take ci, da shi take alwala," in ji Iya, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wancan tunda ba ya aikin komai, ya riƙe wuƙar."

Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, na sani, tsohuwa ce da ta binne ɗanta. Amma na gane cewa a gidan nan an riga an yi wa hannun jana'iza tare da mai gidan. Na haɗiye abin da ya zo bakina, na yi mata bayani a tsanake, cewa in aka bari sai an fita takaba, hannun ba zai ƙara miƙewa ba.

"Ɗana ko arba'in bai yi a ƙasa ba," in ji ta, "a ga matarsa a tasha tana hawa mota? Ni da uwata da kakata duk mun yi takaba, ba wadda ta taka ƙofa. In Allah ya so hannun ya warke, a ɗakin nan ma zai warke."

A zaure na tarar da Alhaji Mamuda. Dogon mutum ne mai magana a hankali, irin wanda bai saba a maimaita masa zance ba. Ya ce ya gode da ta'aziyya, maganar fita kuma a bar ta.

Ban tsaya musu da shi a kan addini ba, don ba fannina ba ne. Limamin garin na nema. Dattijo ne mai sauƙin kai, ya saurare ni, sannan ya ce mai takaba tana iya fita da rana don lalura, balle neman magani, muddin za ta dawo ta kwana a ɗakin mijinta. Man da ba na ƙamshi ba, in don magani ne, ba laifi. Wuƙa kuwa, ya ce shi bai gan ta a littafi ba. Na roƙe shi ya gaya wa Alhaji da bakinsa, ya kuwa je bayan la'asar ya gaya masa. Na koma gida ina murna, na ɗauka an gama.

Ashe ban san gidan ba. Amsar da Alhaji ya ba liman ita ce, ya ji abin da littafi ya ce, bai kuma ƙaryata ba, amma littafin bai ce dole ta fita ba, kuma a gidansu ba a taɓa yi ba, ba kuwa a kansa za a fara ba. Liman ya ce mini shi iyakarsa ya faɗi hukunci, ba zai shiga gidan mutum ya fito da mace ba. Ban ga laifinsa ba.

A nan na tuna cewa kowa na tambaya ban da mai hannun. Washegari na koma gidan, na jira Iya ta zaga, na matsa kusa da Hansai.

"Ke me kike so?"

Hawaye suka zubo mata. Can ta ce, "Sista, in na fita cewa za a yi ban damu da mutuwarsa ba. Wallahi da ni aka ɗauka aka bar shi."

"Na sani. Ba zan ja ki ba, ba zan kuma yi miki ƙarya ba. In kika zauna, hannun nan ya tafi. Ran Litinin zan zo da mota da sassafe, in tsaya a zaure har hantsi. In kin fito, ina nan. In ba ki fito ba, zan tafi, in sake dawowa."

Na yi musayar aiki da wata abokiyar aikina, na ɗauki mota daga tasha, na zo ran Litinin. Na tsaya har rana ta ɗaga, direba yana ta tsaki. Ba ta fito ba. Mazan da ke zaune a ƙofar gida suka bi ni da kallo, wani ma ya ce a gai da mutanen Kano. Na ji ciwon abin ƙwarai, ban dai nuna ba.

Ran Laraba na sake zuwa. Wannan karon Alhaji Mamuda ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar zauren, daidai hanyar fitowa daga cikin gida, ya zauna da mutanensa biyu. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile.

"Malama, mun karɓe ki da mutunci, kina neman ki wuce gona da iri. Ke ba 'yar gidan nan ba ce. Me ya yi miki zafi?"

A nan ne na ɗaga muryar da ake ta ba da labari. Na ce, "Alhaji, abin da ya yi mini zafi shi ne ƙaninka ya bar gonarsa a tsakiyar damina, ana yi masa dariya, don hannun nan. Na gani da idona yana warkewa. Yanzu kun zaunar da ita ya sandare, kuna cewa don shi kuke yi. Shi ya ce muku haka? Liman ya faɗa muku Allah bai hana ba. To in Allah bai hana ba, waye ya hana? Ka faɗi sunansa in ji."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya miƙe yana cewa in iya bakina. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji takun mutum daga ciki.

Hansai ce. Ta lulluɓe har ƙasa, idonta ya kumbura. Wuƙar tana hannunta na hagu, daga baya ta gaya mini da haƙori ta kwance tsumman. Ta zo gefen tabarmar ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, ina kwana. Zan je asibiti. Kafin magariba na dawo, a ɗakin Malam zan kwana."

"Koma ciki, Hansai," in ji shi. "Kar ki tona wa mamaci asiri. In don yara ne, ni ban mutu ba. Zan ciyar da su, zan ciyar da ke."

"Na sani, Yaya, Allah ya saka da alheri." Muryarta ba ta fi ta mai raɗa ba, amma kowa a zauren ya ji. "Za ka ciyar da mu. Amma ba za ka ɗaura mini zani ba. Malam ne ya fara kai ni, kuma bai ce in ya mutu in daina ba."

Ta miƙe, ta raɓa ta gefen tabarmar, ko gezarta ba ta taka ba, ta wuce. Ba wanda ya motsa. Wa zai sa hannu ya kama mai takaba, matar ƙaninsa, a gaban mutane? Daga cikin gida muka jiyo Iya ta fashe da kuka tana kiran sunan ɗanta. Hansai ta tsaya cak a bakin ƙofa, har na ce komawa za ta yi. Ta goge ido da bakin mayafi, ta shiga mota.

Daga Lausu muka miƙe sai Kano. Likitar ta duba hannun ta girgiza kai, ta ce za a sassauta hasken a sake hawa a hankali, don an daɗe ba a yi ba, kuma sai tsagar fatar ta samu kulawa. Da ta ji yadda ake ciki, ta ba da umarni duk ranar da Hansai ta zo a fara sa ta, don ta koma gida da rana. Aka sa mata tabarau, ta miƙa hannun, aka kunna. Da ta fito sai ta tsaya tana kallon bencin da ke ƙofar ɗakin, inda Malam Sule kan zauna ya jira ta. A nan ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, ni ma ban iya riƙe nawa ba. La'asar sakaliya muka sauke ta a ƙofar gida.

Daga nan wata yayarta ta karɓi rakiyar. Kar ku ɗauka gidan ya sauko. Ba a sake tare ta a zaure ba, amma Iya ta daina yi mata magana, matan unguwa suka yi ta yamiɗiɗi da ita, wai ko a takaba ba ta iya zama ba, ranar da ta fita takabar ma da yawa sun ƙi zuwa. Ita kuwa ba ta ƙara fashi ba, ba ta kuma taɓa kwana a waje ba.

Ni ma nawa rabon ya iso. Alhaji Mamuda ya kai ƙarata cewa na shiga gidansa na raba kan iyali. Metiron ta kira ni, ta ce in je in ba shi haƙuri maganar ta mutu. Na ce in don ɗaga murya ne a gaban babba, zan iya cewa ya yi haƙuri, amma sai in ƙara da cewa gobe ma zan zo da mota. Ta ce to ba haƙuri ke nan ba. Na ce shi ya sa ba zan je in yi masa ƙarya ba. Ba a daɗe ba aka ɗauke ni daga Rano aka mayar da ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kibiya, inda ni ce nas, ni ce mai ba da magani, wani lokacin ni ce mai shara. Metiron ta ce ai ta gaya mini. Na ce mata Kibiya ma mutane ne, kuma suna rashin lafiya. Na yi shekaru a can, ban taɓa neman a dawo da ni ba, sai da aka ga dama.

Hannun fa? Ba zan gyara muku labari ba. Gwiwar ta buɗe, wuyan hannun yana juyawa, babban yatsa da biyu na kusa da shi sun dawo aiki. Biyun ƙarshe sun lanƙwashe, kuma haka za su zauna. Likitar ta ce mai yiwuwa makonnin nan da aka zaunar da ita ne suka tafi da su. Duk lokacin da na tuna yatsun nan biyu raina yana ɓaci sabo.

Bayan kamar shekara biyu na ji Iya ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai na je dubiya, ko da yake na san ba a marmarin ganina. Hansai ba ta bar gidan ba, tana nan da 'ya'yanta. Na yi sallama na shiga ɗakin tsohuwar, na tarar Hansai ta zura hannun dama a bayanta ta ɗago ta, ta jingina ta da ƙirjinta, sannan ta ɗauki ludayi da yatsunta uku tana ba ta koko, tana goge mata baki. Duk matan gidan, ita ce mai ɗaga ta, ita ce mai yi mata wanka. Iya ta gan ni, ta gane ni sarai, ta kawar da ido.

Magana ta zo mini har bakin leɓe, kun dai san halina. Hansai ta dube ni ta girgiza kai.

"Sista, kar ki ce komai. Uwarsa ce."

Na yi shiru. A duk shekarun aikina, metiron da shugabanni sun sha cewa in rufe baki ban rufe ba, ita kaɗai ce ta ce na yi.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. A makaranta an koya muku magani da na'ura, kuma da kyau. Amma mara lafiyarku ba a asibiti yake zaune ba, a gida yake, gidan kuma yana da zaure, a zauren akwai wanda ke zaune. Yawancin masu zaman nan ba mugaye ba ne, mutanenmu ne, tsoron bakin duniya suke ji, wasu kuma baƙin ciki ne ya rufe musu ido. Ku gaishe su, ku durƙusa in ya kama, amma kar ku juya don an haɗe muku rai. Duk ranar da aka ce ku rubuta wance ta daina zuwa da kanta, ku je ku gani tukuna. Ba ku za ku fito da ita ba, ni ma ban fito da Hansai ba, da ƙafarta ta fito. Aikinku shi ne ranar da ta yi ƙarfin halin leƙowa, ta tarar akwai mai jiranta a ƙofa.